Jijiyar Zuciya da Ta Saki Hanya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin madatsar ruwan Challawa da ke ƙasar Karaye, ya ga yadda masu noman rani ke jan ruwa zuwa gonakinsu, ya san cewa cikar tafki ba ta amfanar shuka matuƙar ba a yanka mata hanyar ruwa ba. Haka al'amarin zuciya yake, domin ko da yake jini yana cika ta dare da rana, ba daga nan take sha ba. Jijiyoyi biyu ne, ta dama da ta hagu, suke fitowa daga gindin babbar jijiyar jiki su shayar da namanta. Tabibin nan Ibnu Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya riga ya gane cewa ta jijiyoyin jikinta take samun abinci, har ya saɓa wa Ibnu Sina a kan wannan mas'ala.

To, cikin jarirai kamar 300,000 akan sami ɗaya wanda, bisa ƙaddarar Ubangiji, jijiyarsa ta hagu ta tsiro daga jijiyar huhu, wadda jininta bai riga ya sha iska ba. Likitoci uku a Boston ta Amurka, Bland da White da Garland, su suka fayyace alamomin wannan illa a 1933. Ana haihuwar yaron garau, a yi suna lafiya lau. Sai wajen an gama arba'in, yayin da ƙarfin jini a huhu ya sauka, jinin ya juya da baya, zuciya ta shiga ƙishirwa. Uwa za ta ga jinjiri ya kama nono ya saki, ya tsanyara kuka, gumi ya jiƙa masa goshi, numfashi sama-sama. Kaka kuwa, a Rogo ko a birni, ta ce ciwon ciki ne, a jiƙa sassaƙe. Ban ga laifinta ba, amma jinkirin yana da tsada, tun da kusan 9 cikin 10 na waɗanda ba a yi wa aiki ba ba sa cika shekara, alhali idan aka ɗauki hoton zuciya, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka mayar da jijiyar mazauninta da tiyata, galibinsu suna rayuwa.

Wani kuma sai ya girma bai san da komai ba. Pete Maravich, gwanin ƙwallon kwando na Amurka, ya yanke jiki ya faɗi ya mutu yana wasa a 1988, yana da shekara 40. Da aka bincika gawar, sai aka tarar ba a halicce shi da jijiyar hagu ba sam.