Cartoon Network: Tashar da Aka Gina a Kan Rumbun Tsofaffin Katun

Tashar Cartoon Network, wadda ta fara watsa shirye-shiryenta daga birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka ranar 1 ga Oktoba 1992, ta shahara da keɓe awa 24 na kowace rana ga katun, wato zane-zanen da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya a haska su da sauri har ido ya ɗauka motsi suke yi. Duk da cewa yara ne suka fi saninta, asalinta lissafi ne na ɗan kasuwa wanda ya wayi gari da tarin tsofaffin fina-finai a hannunsa, ya kuma nemi hanyar da za su riƙa kawo masa kuɗi ba tare da ya sake kashe wani abin kirki a kansu ba.

Fahimtar wannan lissafi na buƙatar sanin yadda talabijin na biya yake samun kuɗin shiga. A Amurka harkar ta bunƙasa ne ta hanyar kebul, wato waya ta musamman da kamfani yake ja har cikin gidan mai kallo, wanda shi kuma yake biyan kuɗin wata-wata domin a buɗe masa ƙunshin tashoshi. Daga cikin wannan kuɗi kamfanin kebul yake cire wa kowace tasha ɗan kaso a kan kowane gida da take shiga, ko an kalle ta ko ba a kalla ba, sannan tashar ta ƙara da abin da take samu daga masu talla. Sai dai tashar yara ba ta da sakewa a ɓangaren talla, domin dokar da majalisar Amurka ta zartar a 1990 ta ƙayyade cewa tallan da ake sawa cikin shirin yara ba zai wuce minti 12 a awa guda a ranakun aiki ba, ko minti 10 da rabi a ƙarshen mako. Saboda haka ribar irin wannan tasha ta rataya ne a kan abu biyu, yawan gidajen da take shiga da kuma arahar abin da take nunawa.

Ɗan kasuwar da ya kafa tashar, Ted Turner, attajirin da ya kafa tashar labarai ta CNN a 1980, ya mallaki mafi arahar kaya da za a iya samu. A 1986 ya sayi kamfanin fina-finai na MGM daga hannun Kirk Kerkorian, amma nauyin bashi ya tilasta masa sayar da mafi yawan kamfanin cikin 'yan watanni, ya riƙe rumbun tsofaffin fina-finai kawai, wanda a ciki akwai katun ɗin Tom and Jerry, da na Popeye, da kuma masu launi na kamfanin Warner Bros. da aka yi kafin tsakiyar 1948. A 1991 kuma ya haɗa gwiwa da wasu masu zuba jari suka sayi kamfanin Hanna-Barbera a kan dala miliyan 320, abin da ya kawo masa The Flintstones da Scooby-Doo da Yogi Bear da sauransu, har jimillar katun ɗin da ke hannunsa ta kai kimanin awa 8,500.

Yawan kayan Hanna-Barbera yana da nasa dalili. William Hanna da Joseph Barbera su ne suka ƙirƙiri Tom and Jerry a 1940, a zamanin da ake yin katun domin gidajen sinima ana kashe masa kuɗi da lokaci, amma da MGM ya rufe sashensa na katun a 1957 sai suka kafa nasu kamfani suka koma yi wa talabijin aiki, inda kasafin kuɗi yake ƙanƙani. Dabarar da suka runguma ita ce taƙaita motsi, ma'ana a bar jikin abin da aka zana a tsaye wuri guda, a riƙa sake zana baki da idanu da kai kaɗai. Wannan ne ya sa aka ɗaura wa Yogi Bear kwala da laktaye alhali ba ya sanye da riga, domin kwalar ta ɓoye mahaɗar kan da yake motsi da gangar jikin da ba ta motsi, kuma ta wannan hanya zanen da ake buƙata a katun na minti 7 ya sauko daga kusan 14,000 zuwa kusan 2,000. Masu nazarin fasahar zane sun daɗe suna raina wannan aiki, amma shi ne ya cika rumbun da Turner ya saya.

Lokacin da tashar ta buɗe a ƙarƙashin jagorancin Betty Cohen, gidajen da take shiga ba su wuce miliyan 2 ba, kuma kusan duk abin da take nunawa ya girmi masu kallonsa nesa ba kusa ba. Hakan bai zama cikas ba, tunda yaron da bai taɓa ganin kyanwa tana bin ɓera a fim ɗin 1945 ba sabon abu yake gani, kuma bayan 'yan shekaru wasu yaran za su taso su maye gurbinsa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. Matsalar ta taso ne daga abokiyar hamayya, tashar Nickelodeon, wadda tun 1991 ta fara fitar da sababbin katun irin su Rugrats da Doug da suka zama mallakinta, take kuma cin kasuwar kayan wasa da tufafi masu ɗauke da hotunansu.

Amsar farko da ta yi tasiri ta fito ne daga rashin kuɗi. A 1994 wani ma'aikaci mai suna Mike Lazzo da abokan aikinsa suka ɗauko zanen Space Ghost, wani jarumin sararin samaniya da Hanna-Barbera ya yi a 1966, suka zaunar da shi a bayan tebur a matsayin mai gabatar da shirin hira na dare, suka mayar da tsohon maƙiyinsa Zorak, ƙwaro mai siffar ƙoƙi-ƙoƙi, shugaban makaɗa. Ana ɗaukar hira da mutane na gaske, a nuna su a wani allo da ke rataye a gefen jarumin, sannan a yayyanka amsoshinsu a haɗa su da tambayoyin da ba su aka yi musu ba. Shirin bai ci kuɗi ba, kuma ya tabbatar da cewa akwai manya masu yawa da ke kallon tashar bayan yara sun yi barci.

Amsa ta biyu ita ce ta sauya tarihin tashar. Fred Seibert, wanda aka ɗora a kan Hanna-Barbera bayan cinikin, ya shirya jerin gajerun katun 48 masu tsawon minti 7 kowanne, aka fara nuna su a 1995 da sunan What a Cartoon!, kuma aka bar wa kowane mai zane wuƙa da nama a kan nasa aikin, saɓanin al'adar lokacin inda marubuta da kamfanonin kayan wasa suke tsara komai. Hikimar tsarin ita ce gwaji da ƙaramin jari: wanda masu kallo suka karɓa sai a faɗaɗa shi ya zama shiri mai dogon zango, wanda bai karɓu ba kuma asararsa minti 7 ce kacal. Daga nan Dexter's Laboratory na Genndy Tartakovsky ya fito a 1996, sai Johnny Bravo da Cow and Chicken a 1997, sai The Powerpuff Girls na Craig McCracken a 1998, kuma da yawa daga cikin masu waɗannan ayyuka matasa ne da ba su jima da barin makarantar koyon zane ba.

A 1996 kamfanin Turner ya haɗe da Time Warner, mamallakin Warner Bros., wanda hakan ya tara tsofaffin katun ɗin Warner Bros. irin su na Bugs Bunny da na baya-bayan nan a gida guda. Shekara guda bayan haka aka buɗe zangon Toonami, wanda ya sabar wa yaran Amurka da anime, wato salon katun na ƙasar Japan, ta hanyar shirye-shirye irin su Dragon Ball Z. Da sababbin kaya suka yi yawa, tsofaffin da aka kafa tashar dominsu suka rasa gurbi, sai aka ware musu tasha ta daban mai suna Boomerang a Afrilun 2000, yayin da awoyin dare suka koma hannun Adult Swim, zangon manya zalla, daga Satumban 2001. Wannan zango ne ya jawo wa tashar abin kunya mafi girma, lokacin da a ranar 31 ga Janairu 2007 'yan sandan birnin Boston suka zaci wasu ƙananan allunansa na talla masu fitilu bama-bamai ne, suka rufe hanyoyi da gadoji, lamarin da ya ƙare da biyan diyyar dala miliyan 2 da murabus ɗin shugaban tashar, Jim Samples.

Katun ya fi sauran shirye-shirye sauƙin ƙetare iyaka, domin ba a buƙatar komai face sauya murya, wani lokaci ma, kamar a Tom and Jerry, babu maganar da za a sauya. Tun 1993 tashar ta buɗe rassa a Latin Amurka da Turai, ta isa Asiya a 1994, ta shigo gidajen Afirka ta tauraron ɗan'adam a cikin ƙunshin DStv, sannan a 2010 aka ƙaddamar da reshen Larabci daga Dubai, wanda ake kamawa kyauta. An daɗe Afirka tana matsayin mai kallo kawai, sai a 2018 reshen nahiyar ya shirya gasar masu zane, wadda ɗan Nijeriya Ridwan Moshood ya lashe da Garbage Boy and Trash Can, shirin da ya fara fitowa a 2023.

Bayan wani gwaji na shirye-shiryen mutane na zahiri a 2009 wanda kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, tashar ta sake farfaɗowa da Adventure Time da Regular Show a 2010, da Steven Universe a 2013, wanda ta dalilinsa Rebecca Sugar ta zama mace ta farko da ta ƙirƙiri shiri ita kaɗai a tashar. Amma a daidai wannan lokaci ginshiƙin kasuwancin ya fara rubewa, domin miliyoyin gidaje a Amurka sun daina biyan kuɗin kebul, yara kuma suka koma YouTube da Netflix, inda ba sa jiran ƙarfe kaza kafin su ga abin da suke so. Bayan haɗewar da ta haifar da Warner Bros. Discovery a 2022, an haɗa sashen shirya katun na tashar da na Warner Bros., sannan a Agustan 2024 aka rufe shafinta na intanet a Amurka, aka riƙa tura duk wanda ya neme shi zuwa dandalin kallo na biya mallakar kamfanin, wanda ake kira Max a lokacin.