Motar da ta daɗe a ajiye: yadda ake farfaɗo da ita a Haɗeja ba tare da an ƙona ƙwaƙwalwarta ba

A unguwannin Haɗeja, da garuruwan masarautar irin su Auyo, Guri da Kiri Kasamma, ba wuya a ga mota a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe gilashi har yara sun yi rubutu da yatsa a kai. Wasu tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 masu su suka jingine su. Wasu kuma ambaliyar 2022, wadda Jigawa ke cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ita ce ta ajiye su.

Yanzu da kuɗin motar tokumbo ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, waɗannan tsofaffin motoci sun sake yin daraja. Matasa da dama na karɓar ta mahaifinsu ko ta yayansu domin su tashe ta. Abin da yawanci suke fara yi shi ne su saka batir su murza makulli, ko su tura ta wurin masu wankin mota a feshe ta ciki da waje. Duka biyun na iya jawo asarar da ta fi kuɗin wankin nesa ba kusa ba.

Mota ma kamar waya ce

Duk wanda wayarsa ta taɓa faɗawa ruwa ya san dokar farko: kada a kunna ta, kada a saka ta a caji, sai ta bushe. Ruwa kaɗai ba ya kashe waya nan take. Haɗuwar ruwa da lantarki ce ke ƙona ta. Hatta dabarar binne waya a cikin shinkafa, kamfanin Apple ya ce a daina, domin ƙananan ɓarɓashi na iya shiga su ƙara lalata ta.

Motar zamani ma haka take. Corolla ko Accord ta shekarun 2000 tana ɗauke da kwamfutar da ke sarrafa mai da wuta, wadda kanikawa ke kira birenbos, da wasu ƙananan kwamfutoci na birki da jakar iska, da wayoyi masu yawa. Wasu daga cikinsu a ƙasan kujera ko ƙarƙashin kafet suke, wato daidai inda ruwa ke fara kwanciya.

A yankin Haɗeja kuwa ruwa ba baƙo ba ne. Kogin Haɗeja yana samun ruwansa daga kogunan Kano da Challawa, waɗanda aka datse da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama a fadamar Haɗeja zuwa Nguru, sai ruwa ya riƙa malala inda bai saba ba. Da damina laka da danshi, da hunturu ƙura, da bazara zafin da ke haura digiri 40. Motar da aka ajiye shekara biyu ta sha kowanne daga cikinsu sau biyu.

Kafin a taɓa ruwa

Kayan aikin farko waya ce. A ɗauki hoton komai kafin a cire: yadda wayoyin batir suke, jeren fiyus, soket ɗin da ke ƙasan kujeru. Ranar mayarwa hotunan nan ne za su raba gardama.

Sai a kunna fitilar wayar a leƙa. A buɗe ƙofofi da bonet da but a hankali, a bar su a buɗe na ɗan lokaci, saboda maciji, kunama da zanzaro na son motar da babu mai taɓa ta. Bayan haka a nemi alamar ruwa: layin busasshiyar laka a jikin ƙofa daga ciki, tsatsa a ƙarfen da kujera ke gudu a kai, ruwa ko yashi a ramin tayar safaya.

A zaro ƙarfen duba baƙin mai. Idan man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. A buɗe matatar iska; idan ta jiƙe ko ta bushe da laka, to kada a kuskura a tayar da injin. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka idan yana cikin silinda aka murza makulli, ƙarfen da ke riƙe fistin na iya lanƙwashewa. Wannan aikin makanike ne: a cire filogi, a fitar da ruwan, a canza mai.

Daga nan a cire batir, a fara da kan da ke da alamar ragi. Duk sauran aikin a yi shi babu lantarki a jikin motar.

Ɓera ya fi ƙura haɗari

Motar da ta taɓa ɗaukar buhunan shinkafa, riɗi ko busasshen kifi daga kasuwar Haɗeja ba ta rasa ragowar abinci a lungu, kuma ɓeraye ba sa ƙin gayyata. Ɓarnarsu iri biyu ce. Suna cinye rigar wayoyi, wanda kan jawo gobara ko matsalar da mai rewaya zai kwana yana nema. Sannan kashinsu da fitsarinsu na iya ɗauke da cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta kashi da fitsarin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa.

Saboda haka ba a share kashin ɓera a bushe, ba a kuma zuƙe shi da injin zuƙar ƙura, domin hakan na tayar da shi cikin iskar da ake shaƙa. A saka safar hannu da takunkumi, a haɗa bilic kashi 1 da ruwa kashi 9, a jiƙa wurin, a jira minti 5, a kwashe da takarda a ɗaure a leda. Bilic na cin launin yadi, don haka a taƙaita shi ga wurin ƙazantar. Kuma kada a taɓa haɗa shi da ruwan khal ko wani sinadarin wanki, domin iskar da ke tashi guba ce.

Cikin mota: bushewa kafin ƙamshi

Warin ruma da ke tashi daga tsohuwar mota ba daga saman kafet yake fitowa ba. A ƙarƙashinsa akwai soso mai kauri da ke riƙe ruwa na tsawon watanni. Wanda ya wanke saman ya fesa turare, ya rufe matsalar ne kawai, tsatsa kuma na ci gaba da cin ƙarfen ƙasa.

Hanyar da ta dace ita ce a kwance kujeru, a ɗaga kafet, a fitar da sosan a shanya a rana. Idan laka ko funfuna ta cinye shi, gara a sake sabo. Soket mai ruwan ɗorawa da ke ƙasan kujera na jakar iska ne. Ba a taɓa shi sai batir ya yi kamar minti 10 a cire. Duk soket ɗin da ya yi kore-kore a fesa masa maganin goge mahaɗar lantarki, irin wanda masu gyaran waya da rediyo ke amfani da shi, a bar shi ya bushe.

Sai a zuƙe ƙura daga sama zuwa ƙasa. Kujerun yadi a goge su da kumfa kaɗan da burushi mai laushi, ba a kwarara musu ruwa ba. Inda funfuna ta kama, ruwan khal da aka sirka da ruwa yana taimakawa. Bel ɗin kujera sabulu mai sauƙi kawai yake so. Bilic na raunana zarensa, kuma ranar hatsari ake gane hakan. Dashbod da allon rediyo a goge su da ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa, kamar dai yadda ake goge fuskar waya: a fesa wa ƙyallen, ba na'urar ba. Man da ke sa dashbod ƙyalli yana kama ƙura, yana kuma haske ido a gilashi da rana.

Motoci da yawa na da matatar iskar AC a bayan akwatin da ke gaban fasinja. A nan ɓeraye suka fi yin sheƙa. A canza ta kafin a kunna fanka.

Jikin mota: ƙurar hunturu sanfefa ce

Ƙurar da hunturu ke kawowa daga hamada ƙananan ƙwayoyin yashi ce. Goge ta a bushe da tsumma daidai yake da goga sanfefa a fenti. A fara zuba ruwa mai yawa ƙurar ta sauka da kanta.

Masu wannan sana'a na amfani da bokiti biyu: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye soso. Duk gugar da aka yi, a ɗauraye sosan kafin ya koma cikin sabulu, yashin ya tsaya a bokiti na biyu. A fara daga rufi a sauko, tayoyi kuma da nasu sosan daban. Garin sabulun wanki na tufafi yana cire kakin da ke kare fenti, ya bar shi ya dushe; sabulun mota ya fi. A yi wankin a inuwa, da sassafe ko da yamma, a kuma tsane ruwan nan take, domin ruwan rijiya ko na burtsatse idan ya bushe a rana yakan bar tabo fari-fari.

Kashin tsuntsu da ɗanƙon bishiya ba a kankare su. A ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kai har su yi laushi. Bayan wanki, idan tafin hannu ya ji fentin da kaushi, akwai wani yumɓu na musamman da ake gogawa da ruwan sabulu ya tsince abin da ya maƙale. Sannan folish, sannan kakin kariya.

Fitilun gaba da suka koma ruwan ɗorawa roba ce da rana ta ƙona. Man goge baki na haska su na ɗan lokaci kawai. Gyaran da ke daɗewa shi ne a goge da jiƙaƙƙiyar sanfefa mai lamba 1000, sai 2000, sai 3000, a yi folish, a shafa maganin kariya daga rana. Ga mai bin hanyar Gujungu zuwa Kano da dare, wannan ba kwalliya ba ce.

Inda injin feshi mai ƙarfi yake da amfani shi ne ƙarƙashin mota da ramin tayoyi. Lakar fadama na manne a can tana riƙe danshi, kuma daga nan tsatsa ke farawa.

Ɗakin inji: a nan ake tafka asara

Injin feshi na tura ruwa ya ratsa robar da ke rufe soket, ya shiga altaneta, akwatin fiyus da ramin filogi. Sau da yawa motar kan tashi lafiya a ranar, sai bayan makonni tsatsa ta kama mahaɗa, ta fara ɗaukewa babu dalili. A bari injin ya huce, a rufe waɗannan sassa da bakin shigar iska da leda, a yi amfani da burushi, maganin cire maiƙo da ruwa kaɗan. Wanke inji da fetur kasada ce da rai. Farin garin da ke taruwa a kan batir kuwa, bekin soda da ruwa na cire shi.

Abin da waya za ta gani wanda ido ba ya gani

Bayan komai ya bushe, a auna batir da mita. Cikakken batir na nuna kusan volt 12.6, idan injin na aiki ya kamata a ga wajen 14. Fetur da ya shekara a tanki ya lalace, a zubar da shi ta hannun makanike. Man birki yana shan danshi, shi ma a canza. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara idan ta kai shekara 5, a kuma canza ta idan ta kai 10, ko da zanenta bai cinye ba.

Sai wayar ta sake shigowa. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka ke da soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, mai suna OBD-II. A Turai an wajabta irinsa ga motocin fetur daga 2001. Ƙaramar na'ura samfurin ELM327 na shiga wannan soket ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja irin su Torque ko Car Scanner kuma ta karanto ƙorafin motar. P0300 na nufin wuta na tsallakewa a silinda, P0171 na nufin iska ta fi mai yawa. Lambar ba ta gyara mota, amma tana hana a yi ta sayen kayan gyara da ka. Tsohuwar Golf 3 ta Turai ba lallai ta amsa wannan na'ura ba. Kuma a zare ta bayan an gama, domin tana shan batir ko motar na kashe.

Wannan ilimi na da amfani ga mai saye ma. Motar da ambaliya ta shanye ana iya wanke ta ta yi ƙyalli a kai ta kasuwa. Mai saye ya zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ya nemi tabon ruwa, ya ɗaga kafet, ya haska ƙasan dashbod. Idan turare ya yi yawa, ya tambayi abin da ake ɓoyewa. Manhajar ma na tona asiri: idan ba a daɗe da goge lambobin matsala ko cire batir ba, za ta nuna gwaje-gwajen motar ba su kammala ba, kuma wannan dalili ne na ƙara tambaya.

Aikin gaba ɗaya kan ci kwana biyu zuwa uku, kuma mafi yawan lokacin na shanya ne. Lokacin da ya fi dacewa a Haɗeja shi ne bayan ɗaukewar damina, daga Nuwamba, sa'ad da iska ta bushe. Wanda ya ajiye mota a unguwar da ruwa ke kwanciya kuwa, ya matsar da ita tudu kafin watan Agusta, ya cire batir, ya kwashe duk abin da ɓera zai ci.