Ƙyallen tela da kwali: Adon ɗakin mai jego da ba ya ƙarewa ranar suna

Duk wanda ya bi ta unguwannin cikin birnin Kano a watan Maulidi ya san jerin ƙananan tutocin da ake ratayawa daga wannan gida zuwa wancan. Irin wannan ado ne yanzu ya shigo falo da ɗakin mai jego, sai dai akasarinsa na kanti ne: leda mai ƙyalli da rubutun Turanci, wadda kwana biyu bayan taro za ka gan ta a bola.

Da ƙanwata ta haihu a bana, kuɗin da mai kwalliyar wurin taro ta yanka mana ya sa muka haƙura. Sai na tafi wajen telan unguwarmu. A ƙarƙashin kekensa akwai buhu cike da ragowar atamfa da shadda, waɗanda aka sayo da tsada a Kantin Kwari, suna jiran shara. Ko sisi bai karɓa ba.

Aikin ba wuya. Ana yanka kwali mai kusurwa uku, faɗin inci 6 daga sama, tsawon inci 8, a riƙa ɗora shi kan ƙyalle ana fitar da tutocin. A sa musu sitaci a goge, don idan ba haka ba sai su lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. Daga nan a naɗe saman kowace a jikin igiya a bi da ɗinki. Ko allura da zare sun wadatar. Igiya mai yadi 3 tana ɗaukar tuta 13, idan aka bar inci 1 tsakani da inci 8 a kowane ƙarshe don ɗauri. Sha uku ɗin nan kuwa daidai take da BARKA DA SUNA, haruffa 11 da gurbi biyu.

Dalilin haɗa yadi da takarda

A gidaje da yawa ba a bayyana sunan jariri sai safiyar rana ta bakwai, lokacin raɗin suna. Don haka muka gama ɗinkin tun ana kwana uku da haihuwa, muka bar jeri na biyu babu rubutu. Ana shafa Fatiha a ƙofar gida, mu kuma muna ciki da almakashi da farin kwali muna yanka haruffa.

Kada a liƙa su da gam, yana ɓata yadi. Ɗinki biyu sama da ƙasa ya isa. Bayan taro sai a warware, a wanke tutocin a ajiye. Idan Sallah ta zo a ƙara tuta biyu, BARKA DA SALLAH ta samu wuri.

Na yi kuskure guda: a kan atamfa mai manyan furanni na fara ɗora haruffan, zanen ya haɗiye su, daga bakin ƙofa ba a iya karanta komai. Shadda mara hayaniya ce ta dace da rubutu, atamfa kuma ta tsaya a gurabe da gefe.

Akwai kuma abin da na kanti ba zai ba ka ba. Haruffan da ake shigowa da su na Turanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Mai suna Ɗahiru ko Ƙasimu sai dai a ci masa ƙugiya. Da almakashinka kuwa, har da ajami kana iya yankawa.

Inda ake bukatar kula

A rataya jerin sama, inda hannun yara ba ya kai, kuma nesa da kaskon turaren wuta da garwashin da ba a raba ɗakin mai jego da su. Salatif yana ɓare fenti. Ƙananan ƙusoshi biyu sun fi.

Sai batun sunan kansa. Jaririnmu Abdullahi aka raɗa masa, kuma da yamma na tarar da wata yarinya na shirin share haruffan tare da bawon lemo. Goggonmu ce ta tsayar da ita, saboda sunan Allah da ke ciki. Ta tattara su ɗaya bayan ɗaya, ta sa a ambulan, ta tura ƙasan akwatin mai jego.