Tuffa Miƙaƙƙiya: Abin da Santimita 60 Ke Faɗa da Abin da Take Ɓoyewa

Adadin da masu sayar da dashe a Turai da Amurka suka fi tallata wannan itaciya da shi shi ne santimita 60. Faɗinta ke nan, kuma kusan tazarar da ake bari ke nan tsakanin wata da wata. Tsayinta kan kai mita 2 zuwa 3, ba ta yin manyan rassa, 'ya'yanta suna manne a jikin sandar kamar na gwanda.

Asalinta reshe ɗaya ne. A farkon shekarun 1960 wani manomi mai suna Anthony Wijcik, a Kelowna da ke yammacin Kanada, ya ga wani reshe a jikin tuffarsa irin McIntosh ya miƙe, ya yi kauri, ba ya fitar da rassa. Daga wannan reshe aka yi ta aure har aka samu iri. Cibiyar bincike ta East Malling a Ingila ta haɗa shi da wasu ire-iren, ta fitar da jerin da aka sa wa suna Ballerina a ƙarshen shekarun 1980, a cikinsu akwai Bolero da Polka da Waltz. Ƙwayar gado ɗaya tak ce ke kawo wannan tsayuwa, kuma mai rinjaye ce: idan aka haɗa miƙaƙƙiya da tuffa ta yau da kullum, kusan rabin 'ya'yan da suka tsiro za su gaji miƙewar.

To, mu zo ga lissafi. Mai katanga mai tsawon mita 6 zai jera guda 10 a gindinta. Tuffa ta yau da kullum da aka aura a kan gindin wani iri mai suna MM106 tana son filin mita 4 zuwa 5 ita kaɗai, wato a wannan wuri ɗaya ce za ta zauna da walwala. A hekta, tazarar santimita 60 da layi mai mita 1 tana ba da sama da itatuwa 16,600, alhali tazarar mita 4 da 5 tana ba da 500 kacal.

Nan ne ido ke ruɗuwa, don yawan itatuwa ba shi ne yawan amfani ba. Miƙaƙƙiya ɗaya 'yan kiloli take bayarwa. A ɗauka kilo 4 ne a shekara mai kyau; idan kowace tuffa ta kai giram 150, guda 26 ke nan ko 27. Goma sun ba da kilo 40. Ita kuwa babbar nan guda ɗaya, idan ta girma, tana iya ba da kilo 25 zuwa 50. Amfanin dai kusan ɗaya ne, amma mai miƙaƙƙun ya sayi dashe sau goma, kuma kowane yakan fi na yau da kullum tsada. Ribarsa tana wani wuri: yana fara tsinka a shekara ta biyu ko ta uku, ba ya hawa tsani, kuma a katanga ɗaya zai iya tara iri huɗu ko biyar. Wannan na ƙarshe ba ado ba ne kawai, domin yawancin tuffa ba ta yin 'ya'ya sosai sai ƙudan zuma sun kawo mata garin fure daga wani iri daban. Mai tukwane a baranda ma sai ya sayi biyu.

Kilo 4 ɗin ma ba kowace shekara ba ne. Wannan iri yana da halin cika 'ya'ya bana, baɗi ya huta. Maganinsa rage 'ya'yan tun suna ƙanana, a bar ɗaya ko biyu a kowane gungu, abin da sabon mai lambu ba ya son yi saboda tausayi. Idan kuma sanyi ya ƙone tohon da ke can ƙoli, sai ta fito da kai biyu ko uku, dole a datse a bar ɗaya. Ire-iren farko sun gaji saurin kamuwa da cutar da ke sa baƙin tabo a ganye da 'ya'ya daga McIntosh, ɗanɗanonsu kuma bai kai na tuffar kasuwa ba. Masu bincike a Rasha da Jamhuriyar Cek da Jamus sun fitar da waɗanda suka fi su.

Adadin da ya fi duka nauyi kuwa ba a cika rubuta shi a jikin dashe ba. Tuffar ƙasashen sanyi tana buƙatar sa'o'i 800 zuwa 1,000 ko fiye na sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin ta farka ta yi fure daidai. Sa'o'i 900 kwana 37 ne da rabi, dare da rana. A Kano ko Zinder, ko a tsakiyar hunturu da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 10, saboda haka lissafin yana tsayawa kusa da sifiri. Shi ya sa masu gwada tuffa a wurare masu tudu irin Filato da Mambila suke neman iri mai ƙarancin buƙatar sanyi kamar Anna, wadda sa'o'i 200 zuwa 300 ke isarta, kuma Anna ba miƙaƙƙiya ba ce. Wanda ya ga hoton miƙaƙƙiya a intanet ya yi sha'awar sayowa, ya fara tambayar mai sayarwa sa'o'in sanyi nawa irin yake so, sannan a yi maganar faɗin katanga.