Kafin Ku Sayi Karen Turawa, Ku Binciki Kwatangwalon Iyayensa

'Yan'uwa manoma, tun da satar dabbobi ta yi yawa a ƙasar Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda, waɗansu ƙungiyoyinmu suna shawarar haɗa kuɗi su sayo manyan karnukan waje, irin su Alseshan na Jamus ko Burbul na Afirka ta Kudu, domin gadin garke da rumbu. Kafin kuɗin ƙungiya ya fita, akwai wani ciwo da ya kamata mu sani.

A kare mai lafiya, kan ƙashin cinya yana zaune daram cikin gurbinsa a kwatangwalo, kamar taɓarya cikin turmi. A waɗansu karnuka kuwa gurbin ba shi da zurfi, jijiyoyin kuma sun yi sako-sako. Ƙashi ya riƙa gogar ƙashi har guringuntsi ya cinye. Sa'an nan kare ya fara ɗingishi, tashi daga kwance ya yi masa wuya, in zai yi gudu sai ya haɗa ƙafafun baya yana tsalle kamar zomo. Irin wannan yakan sami gwiwar ƙafar gaba, inda ƙasusuwa uku suka haɗu, in ba su girma daidai da juna ba.

Ciwon nan na gado ne, ya kuwa fi kama karnuka manya masu nauyi da saurin girma. Abin da ya sa yake cutar mai saye shi ne, ana haihuwar ɗan kwikwiyo da gaɓoɓi kamar na lafiyayye. Wanda aka tallata muku yana ɗan wata 2 ba zai nuna kome ba. Sai bayan watanni, wani ma sai bayan shekaru, lokacin mai sayarwa ya daɗe da cin kuɗinsa.

Domin haka masu kiwon karnuka a ƙasashen waje iyaye suke bincike kafin a yi barbara. Likitan dabbobi yakan yi wa kare allurar barci, ya kwantar da shi rigingine, ya miƙe ƙafafunsa, ya ɗauki hoton ƙashi. A Amurka ƙungiyar OFA, wadda aka kafa a 1966, ba ta ba da takardar shaida sai kare ya cika wata 24. A Ingila ana dubawa daga shekara 1, ana ba kwatangwalo biyu maki daga 0 zuwa 106, gwiwa kuma daga 0 zuwa 3. Ku lura, a nan ƙaramin maki shi ne mai kyau.

A wajenmu, asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya su ne wuraren da za a nufa da wannan bukata. Daga Katuru tafiya ce, mun sani. To, in ba hoto, ku nace sai kun ga karyar da ubansa da idonku, suna tafiya, suna gudu, suna tashi daga kwance, kamar yadda ba ma sayen sān huɗa sai mun ga takunsa. Wannan bai kai hoto ba, amma mai sayarwar da ya ƙi nuna iyaye, ku rabu da shi.

Abinci ma yana da hannu. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1992, an raba karnuka 48 gida biyu, aka rage wa rabi kashi 25 cikin 100 na abincinsu. Da suka kai shekara 2, karnuka 7 cikin 24 ne suka kamu a masu cin kaɗan, 16 kuwa a masu ci su ƙoshi. Saboda haka kada a yi wa ɗan kwikwiyo turka kamar ragon layya.

A ganinmu dai, yawancin ƙungiyoyinmu karen gida ya ishe su. Siraran karnukan farauta irin namu ba su cika samun wannan ciwo ba, sun saba da zafin bazara, tuwo da dusa kuma suna riƙe su. Kuɗin da aka tanada a yi musu allurar rigakafin haukan kare da shi, da maganin tsutsa da na kaska.