Mene ne bin sawun masu mu'amala da mai cuta?

Duk sanda annoba ta ɓulla, sai a ji hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka na cewa tana bin sawun mutane. Ma'anarsa ita ce a nemo duk wanda ya kusanci mai ɗauke da cuta, a sa masa ido har kwanakin da cutar kan ɗauka kafin ta bayyana su wuce.

Jami'an lafiya kan tambayi maras lafiyar: ina ka kwana, wace mota ka shiga, wa ya yi jinyarka? Sai su rubuta sunaye, su riƙa ziyartar kowa kullum suna auna zafin jikinsa. Wanda zazzaɓi ya kama sai a killace shi, a gwada jininsa. A cutar Ebola kwana 21 ake yi, a korona kuwa 14 aka fara da shi.

Fatakwal ta ga amfanin wannan a 2014, lokacin da wani da ya yi mu'amala da Patrick Sawyer, wani mai ɗauke da Ebola, ya sulale daga Legas ya shigo garin, likitan da ya duba shi ya kamu ya rasu. An bi sawun mutum kusan 900 a faɗin ƙasar, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Ebola ta kau daga Najeriya.

Aikin ya fi wuya a kan 'yan albasa, 'yan shanu da direbobin tirela da ke zirga-zirga tsakanin Arewa da Onitsha, Enugu da Fatakwal. Mutum yau yana zango, jibi yana Kano, don haka sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa ne suka fi sanin inda za a same shi.