Ga sabis a cike, kuɗi ya ƙi tafiya: Yadda saƙo ke maƙalewa tsakanin Rogo, Karaye da Legas

Tun bayan ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare a kasuwannin Karaye da Rogo. Mai sayen masara yana tura wa manomi, dillalin kifi a bakin madatsar ruwan Challawa yana jiran ƙarar shigar kuɗi kafin ya saki kaya, mai POS kuma da wannan sana'ar yake ciyar da iyalinsa.

Sai dai kowa ya san ranar da sandunan sabis za su cika fal a fuskar waya, amma kuɗi ya ƙi tafiya, saƙon WhatsApp ya tsaya cak. Sandunan nan abu ɗaya suke nunawa: wayarka tana jin turken sabis da ke kusa da kai. Abin da ke faruwa daga turken zuwa gaba wani labari ne daban, kuma sau da yawa can matsalar take.

Tafiya zango-zango

Intanet haɗakar hanyoyin sadarwa ce masu zaman kansu sama da dubu 70. MTN na da tasa, haka Airtel da Glo da Google da bankuna da dama, kuma kowace tana da lambar da ake gane ta da ita. A bakin iyakar kowace hanyar sadarwa akwai na'urorin raba hanya da ake kira rawuta, waɗanda ke magana da na maƙwabta ta wata ƙa'ida mai suna BGP. Injiniyoyi biyu, Kirk Lougheed na Cisco da Yakov Rekhter na IBM, su suka tsara ta a 1989, kuma har yau a kanta intanet ke tafiya.

Abin da rawuta ke gaya wa maƙwabciyarta kaɗan ne: ga adireshin da na san hanyarsu, ga kamfanonin da za a ratsa, ga kuma wanda za a miƙa wa saƙon da farko. Wannan na ƙarshen shi ne zango na gaba.

A ɗauki direban da ya yi lodin masara a Rogo zai kai kasuwar Dawanau. An ce masa ya bi ta Karaye, ya ɓulla Gwarzo, sannan Kano. Zangonsa na gaba Karaye ne. Idan ruwa ya yanke hanyar Rogo zuwa Karaye, sanin sauran hanyar ba zai amfane shi da komai ba, ko da titin Gwarzo zuwa Kano lafiya lau yake.

Haka dokar BGP take. Kafin rawuta ta yi aiki da hanyar da aka sanar mata, sai ta duba taswirarta ta tabbatar za ta iya kai wa ga zango na gaba. In ba za ta iya ba, sai ta ajiye hanyar gefe, ba ta amfani da ita, ba ta kuma sanar da ita ga kowa.

Hanya a rubuce, amma ba ta biyuwa

Akwai wani tarko da ya daɗe yana kama masu koyon aikin. A ce rawutar wani kamfani da ke Legas ta karɓi hanyar zuwa Google daga maƙwabcin waje. Idan ta isar da labarin ga 'yar'uwarta da ke Kano, bisa al'ada ba ta canza adireshin zango na gaba, na maƙwabcin wajen take miƙawa yadda ta same shi. Ita kuwa ta Kano ba ta san wannan adireshi ba, domin ba ya cikin taswirar cikin gidan kamfanin. Sai injiniya ya duba ya ga hanya a rubuce, amma saƙo ba ya wucewa.

Maganinsa biyu ne. Ko a saka adireshin a taswirar cikin gida, ko a umarci rawutar Legas ta riƙa sanya nata adireshin a matsayin zango na gaba. Kamar dai ka ce wa ɗan aike ya daina neman shagon da bai sani ba, ya kawo maka kai ka miƙa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne zango na gaba ya mutu ba a sani ba. Rawutoci suna aika wa juna ɗan saƙon gaisuwa lokaci-lokaci, kuma sai shiru ya yi tsawo suke yanke hukuncin cewa maƙwabciya ta tafi. Ƙa'idar ta ba da shawarar daƙiƙa 90, na'urorin Cisco kuwa suna zuwa da daƙiƙa 180. A tsawon wannan jira, duk saƙon da aka tura ta nan rami yake faɗawa. Shi ya sa manyan kamfanoni ke ƙarawa da wata dabara mai suna BFD, wadda ke gano yankewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Ranar da Legas ta ɓatar da Google

A ranar 12 ga Nuwamban 2018, kamfanin MainOne na Legas, wanda ke musayar saƙonni da Google a cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, ya yi kuskure wajen saita na'urorinsa. Hanyoyin Google da ya kamata su tsaya a wajensa sai ya sanar da su ga China Telecom, daga nan labarin ya bazu.

Saƙonnin mutane a ƙasashe da dama, har da Amurka, suka karkata ta wani kamfanin Rasha zuwa China, inda suka ɓace. An shafe minti 74 kafin a gyara, kuma MainOne ya fito ya ce kuskure ne aka samu lokacin aikin inganta na'urori. Darasin a nan shi ne BGP zango ɗaya take tabbatarwa, sauran tafiyar kuwa amana ce ta ɗauka daga bakin maƙwabci.

A ranar 14 ga Maris 2024 kuma, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Zangon gaba na hanyoyi masu yawa ya ɓace lokaci guda. Kamfanonin da ke da wata mafita suka koma kan wayoyi irin su Equiano da Glo-1, cunkoso ya yi yawa, manhajojin bankuna da dama suka riƙa sarƙewa. Wanda ke tsaye gaban mai POS a Rogo ya ji a jikinsa abin da ya faru a ƙasan teku.

Me ya rage wa ƙauye?

BGP ba ta ƙirƙirar hanya, cikin waɗanda ake da su take zaɓa. Garin da waya ɗaya tak ta haɗa shi da birni, in katafilar aikin titi ko ɓarawo ya datse ta, babu zaɓin da ya rage wa kowace na'ura. Wannan ya sa tsaron wayoyin ƙarƙashin ƙasa ya shafi kowa. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, kuma a shekarar gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar intanet.

IXPN ma tana da reshe a Kano. Duk kamfanin da ya jona a nan, saƙonsa zuwa wani da ya jona ba sai ya je Legas ya dawo ba, zangunan da za su iya mutuwa a hanya sun ragu ke nan.

Shi kuwa mai waya a hannu, akwai abin da zai iya yi. Idan tura kuɗi ya tsaya, kada a yi gaggawar sake turawa, domin mai yiwuwa umarnin ya isa banki, amsar ce ta maƙale a hanyar dawowa. A duba abin da ya rage a asusu tukuna, a kuma adana rasit. A 2020 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya umarci bankuna su warware matsalar cirar POS da ba ta yi nasara ba cikin awa 72.

Riƙe layuka biyu na kamfanoni daban-daban yana taimakawa, duk da cewa wani lokaci turke ɗaya ko waya ɗaya suke rabawa. Kashe waya a kunna kuwa yana magance matsalar da ke tsakaninka da turke ne kawai. In zango na gaba ne ya yanke a Kano ko Legas, sai dai a jira injiniyoyi, ko a jira rawutoci su gama ƙirga daƙiƙoƙinsu su koma wata hanyar.